Barewar Hardallo da Riɗin Jango: Yadda Adabi Ya Riƙe Tarihin Ƙasar Shuwak

Idan watan Oktoba ya kama, damina ta fara naɗe tabarmarta a gabashin Sudan, ba mai yin barcin kirki a gonakin da ke kewaye da Shuwak. Riɗi ya nuna, shi kuwa riɗi ba ya jiran kowa. Ka yi masa jinkirin 'yan kwanaki, kwanson ya tsage, ƙwayar ta zube cikin tsagar baƙar laka, wahalar shekara ta bi ruwa.

Shi ya sa tun kafin assalatu ake jin motsin lauje, wani lokaci ma har cikin farin wata. Manyan motoci na sauke leburori a bakin gona: 'yan Darfur, 'yan Kordofan, mutanen duwatsun Nuba, Habashawa da suka tsallako iyaka, da Hausawan da kakanninsu suka yada zango a nan kan hanyarsu ta zuwa Makka. A bakin mutanen yankin, sunan waɗannan leburori ɗaya ne: Jango.

Shuwak gari ne a jihar Gadarif, a bakin kogin Atbara, kusa da inda kogin Sitit ya gangaro daga tsaunukan Habasha ya haɗe da shi. Shi ne hedikwatar Fashaga, yankin nan mai albarkar noma da Sudan da Habasha suka daɗe suna taƙaddama a kansa. Babbar hanyar Gadarif zuwa Kasala ta ratsa ta nan, kuma daga tashar famfon da ke nan birnin Gadarif ya daɗe yana shan ruwa.

Wanda ya je ofishin gwamnati neman labarin wannan ƙasa, za a ba shi lissafin kadada da buhuna. Amma in yana son sanin yadda ƙasar take kafin zuwan tarakta, da abin da ke yawo a dajinta, da yadda kogin ke cika yana janyewa, da halin wanda ya duƙa ya yanke riɗin, sai dai ya koma ga mawaƙa da marubuta da masu shirya fim.

Tarken da ya ɗaga kai ya dubi bishiya

A jami'o'i, wannan irin karatu ya samu suna. Masana adabi na kiran sa tarken muhalli, wato nazarin waƙa ko labari ko fim da tambayar: ina ƙasa, ina ruwa, ina dabba da itace a cikin wannan aiki? Ado ne kawai aka rataya a bayan jarumi, ko su ma suna da ta cewa?

Wani malamin adabi Ba'amurke, William Rueckert, shi ya fara raɗa wa fannin suna a 1978. A 1992 aka kafa ƙungiyar masu nazarin adabi da muhalli a Amurka, sannan a 1996 Cheryll Glotfelty da Harold Fromm suka fitar da kundin maƙalun da ya zama littafin shiga fannin. Da farko hankalin masu wannan karatu ya fi karkata ga dazuzzukan Amurka da marubutan da ke kaɗaita a cikinsu don neman natsuwa.

Mutanen Afirka da Asiya ne suka ja abin ya sauko ƙasa. Ba su ga ta yadda za a yi zancen kyawun daji ba alhali an rataye Ken Saro-Wiwa a watan Nuwamban 1995 kan fafutukar ƙasar Ogoni da man fetur ya lalata. A 2011 Rob Nixon, haifaffen Afirka ta Kudu, ya rubuta littafi kan ta'asar da ke tafiyar hawainiya: irin ɓarnar da ba ta fashewa kamar bam, ba ta shiga labaran ƙarfe bakwai, amma tana cin mutane a hankali shekara da shekaru. Zaizayar ƙasa, gurɓatar ruwa, korar manomi daga fadamarsa.

Da wannan ma'auni na biyu ya kamata a karanta Shuwak. Kuma abin sha'awa, kayan karatun sun girmi ra'in da fiye da shekara ɗari.

Barewar da ta rage a baiti

Yamma da kogin Atbara akwai filin Butana, ƙasar kiwon Larabawan Shukriyya. A nan aka haifi Hardallo wajajen 1830, ɗan gidan sarautar Abu Sin, wanda har gobe ake ɗauka a matsayin sarkin mawaƙan karkarar Sudan. Ya rasu a shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Fannin da ya yi fice a kai shi ne musdar, doguwar waƙar tafiya wadda mawaƙi ke bin hanya zango-zango yana ambaton kowane wuri da sunansa. A mafi shaharar musdar ɗinsa, Musdar as-Said, ba mutum ne matafiyin ba. Garken barewa ne. Mawaƙin ya bi su tun daga sauyin iska da alamun hadari, yana faɗin kwarin da suka sha ruwa, tudun da suka kwana, ciyawar da suka ci, da lokacin da suka haihu.

Masu sharhi sun daɗe suna cewa barewar nan mace ce a fakaice, kuma da gaskiyarsu, domin siffanta masoyiya da barewa tsohuwar al'ada ce a waƙar Larabci. Sai dai mai tarken muhalli ba ya tsayawa nan. Yakan ce: to, mun ji, amma barewar ma barewa ce. Mutumin da ya jera sunayen kwaruruka da ciyayi bi da bi, daidai da tafiyar damina, ya bar mana taswirar dajin da babu shi yanzu.

Bahaushen da ya tashi a gaban malamin ƙauye zai ji wani abu ya taɓa shi a nan. Makiyayan Butana da manoman Gadarif suna lissafin damina da taurari, kowane kwana 13: Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, har zuwa Simaku. Su ne dai taurarin da tsofaffin manoman Katsina da Sakkwato ke ƙirga shuka da su. Lafazi ne kawai ya ɗan bambanta.

Akwai shaida ta biyu daga wani ɓangare dabam. A 1861 Baturen Ingila Samuel Baker da matarsa suka yi damina a Sofi, wani ƙauye a bakin Atbara, ba nisa da Shuwak ta yau. Littafin da ya wallafa a 1867 kan rassan Nilu da ke fitowa daga Habasha cike yake da giwaye, raƙuman dawa, dorinai, karkanda da zakuna. Ya ba da labarin maharban Hamran na bakin Sitit, waɗanda ke tarar giwa a kan doki da takobi zalla. Ya kuma bayyana yadda Atbara, wanda da rani yakan zama rairayi da 'yan tafkuna, ya taso da ruri cikin dare ɗaya a watan Yuni, gari ya waye kogi ya cika.

Baker ba mai tausayin dabba ba ne. Bindigarsa ta kashe da yawa daga cikin abin da alƙalaminsa ya yaba, kuma yadda yake kallon mutanen ƙasar kallon ɗan mulkin mallaka ne tun kafin mulkin ya iso. Amma ko maƙiyi in ya ƙirga maka dukiyarka, lissafin na da amfani ranar da aka yi maka sata. Yau ba giwa ba raƙumin dawa a kewayen Shuwak.

Ranar da tarakta ta iso

Ba fari kaɗai ya kore su ba. A tsakiyar shekarun 1940, Turawan mulkin mallaka suka fara noman dawa da injina a Gadambaliya, kusa da Gadarif, don ciyar da sojojinsu na gabashin Afirka. Ƙasar ta karɓi abin: shimfiɗaɗɗiya ce, baƙar laka mai riƙe ruwa, ba dutse ba tudu.

Bayan samun 'yanci gwamnati ta ɗora. A 1968 aka kafa hukumar noman injina, aka yanka daji filaye-filaye, kowane kimanin fadan dubu, wato sama da hekta 400, aka raba wa masu hali: 'yan kasuwa, manyan ma'aikata, tsofaffin hafsoshi. Irin wannan gona ita ake kira mashru'u. Ƙaramar gonar talaka kuwa bildat.

Sai dokar 1970 ta zamanin Shugaba Numairi ta zo ta ce duk ƙasar da ba ta da rajista ta gwamnati ce. Makiyayin da kakanninsa suka yi ɗaruruwan shekaru suna bin burtali ɗaya ba shi da takarda. Haka manomin bakin kogi. Mai karatu a Nijeriya zai tuna da dokar mallakar ƙasa ta 1978, ko da yake kowace da irin tafiyarta.

Gonakin suka bazu zuwa miliyoyin fadan, da izini da babu izini. Aka sare ɗakwara mai ba da ƙaro, aka sare dushe da aduwa, aka mai da su gawayi. In ƙasa ta gaji, mai mashru'u ya matsa gaba ya sare sabon daji. Burtalai suka ƙuntata, rigimar makiyayi da manomi ta zama abincin kowace kaka. A gaɓar Atbara kuwa, zaizayar da mutanen wurin ke kira karab tana ta cin ƙasa, tana barin kwazazzabai.

Gadarif ta zama rumbun Sudan, kasuwar amfanin gonarta ta zama inda ake yanke farashin riɗi da dawa. Wannan gaskiya ce, kuma ba ƙarama ba. Tambayar ita ce wa ya biya kuɗin.

Ƙusoshin ƙasa

Amsa mafi ƙarfi ba daga masanin tattalin arziki ta fito ba. Daga marubucin ƙagaggen labari ta fito. Abdul'aziz Baraka Sakin, wanda aka haifa a Kasala a 1963, ya kuma tashi a Khashmul Girba da ke arewa da Shuwak a kan wannan kogi, ya fitar da littafinsa Al-Jango Masamir al-Ard, ma'ana Jango ƙusoshin ƙasa. Littafin ya ci kyautar adabi ta Ɗayyib Salih a 2009. Ba a jima ba hukuma ta hana sayar da shi.

Labarin wasu abokai biyu ne da aka sallama daga aikin gwamnati, suka yi ta yawo har suka faɗa wani ƙauyen leburori kusa da iyakar Habasha da Eritiriya. Daga nan littafin ya zama na ƙauyen gaba ɗaya: mata masu sayar da abinci da giya, 'yan gudun hijira, tsofaffin fursunoni, da Jango waɗanda ke tara kuɗin kaka su cinye kafin bazara.

A faɗi gaskiya, littafin ba ya jin kunyar baki. Akwai shaye-shaye da zancen kwanciya ɓaro-ɓaro, kuma da wannan hujja aka hana shi. Mai karatu Bahaushe zai yamutsa fuska a wurare da dama. Sai dai duk wanda ya karanta ya san akwai abin da ya fi batsa ɓata wa masu mulki rai a ciki.

Dubi yadda marubucin ya gabatar da mutanensa. Sunansu ma yana sauyawa da yanayin shekara. Da sanyi, lokacin da suke yankan rake a gonakin sukari, suna da suna dabam. Da bazara, in suna share sabuwar gona suna toya gawayi, sai a kira su fahhamin, wato 'yan gawayi. Daga saukar ruwa zuwa yankan riɗi ne suke zama Jango. Mutum ne wanda kalandar gona ta zame masa takardar shaida.

A nan tarken muhalli ke cin karo da abin da ba ya son ji. Hannun da ya sare dajin barewar Hardallo hannun Jango ne. Ba shi da gonar, ba shi da ribar, amma gatarin a hannunsa yake. Wanda ya zo da ra'in cewa talaka kullum abokin daji ne, mai kuɗi kuma maƙiyinsa, littafin zai ba shi kunya. Yunwa ce ke saran itace, mai mashru'u kuma ya san farashin yunwa.

Can gaba a labarin banki ya buɗe reshe a garin, yana ba masu jingina bashi, injina suna shigowa suna karɓe aikin hannu. Mutanen da aka yi amfani da su aka kori daji, su ma aka fara korar su. Ƙarshenta dai tawaye.

Ba ƙaramin abu Sakin ya yi ba da ya sa ƙasa da lebura a ma'auni ɗaya. Ana tatsar su iri ɗaya, ana yar da su iri ɗaya in sun gaji. Tun 2012 marubucin ke zaman gudun hijira a Turai. An fassara littafin zuwa Ingilishi da Faransanci, fassarar Faransancin ma ta ci kyautar adabin Larabci a Faris a 2020. Jango kuwa suna nan inda ya bar su.

Kogin da aka ɗaure sau biyu

Atbara da Baker ya gani yana tasowa cikin dare ɗaya, yanzu da izini yake tafiya. A 1964 aka gama dam ɗin Khashmul Girba, domin a samar wa Nubiyawan Wadi Halfa, kimanin mutum dubu 50, sabon mazauni bayan babban dam ɗin Aswan na Masar ya nutsar da garinsu. Aka ɗebo mutanen da suka saba da dabino da sahara da Nilu, aka sauke su a filin Butana mai hadari da tsawa. Jami'in da ya jagoranci kwashe su, Hassan Dafalla, ya rubuta littafi a kan wannan ƙaura, kuma har yau waƙoƙin Nubiyawa na kukan garin da ke ƙarƙashin ruwa.

Baker ya lura tun a zamaninsa cewa Atbara na cikin masu kai wa Masar laka mai taki. Lakar nan ba ta daina zuwa ba don an gina bango. Ta taru a bayan dam ɗin har ta cinye kusan rabin abin da yake iya riƙewa.

Maganin da aka samo shi ne ƙarin dam. Daga 2011 kamfanonin Sin suka gina tagwayen madatsu a sama da mahaɗar kogunan biyu, Rumaila a kan Atbara da Burdana a kan Sitit, aka buɗe su a 2017 da ƙarfin lantarki megawat 320. Dubban iyalai suka tashi daga bakin kogi, aka mai da su sababbin ƙauyuka da aka gina musu a tudu.

Ɗayyib Salih, babban marubucin Sudan da ya rasu a 2009, ya riga ya hango irin wannan rigima tun wajajen 1960 a gajeren labarinsa Daumat Wad Hamid, wato gorubar Wad Hamid. Wani ƙauye ne a bakin Nilu da ke da goruba a kan kabarin waliyyi. Gwamnati bayan gwamnati na zuwa da shirin sare ta, wannan don famfon ban-ruwa, wancan don tashar jirgin ruwa, mutanen ƙauye na hanawa.

Abin da ya sa labarin bai tsufa ba shi ne marubucin bai ce famfo sharri ne ba. Tsohon da ke ba da labarin ya san wata rana jikokinsa za su so famfon. Abin da ke ba shi mamaki shi ne yadda duk wanda ya zo daga birni ba ya ganin wurin da ya dace da aikinsa sai daidai gindin gorubar, alhali fili ga shi nan ya ishi kowa.

Raƙumi a majigi

Fim ɗin Sudan bai yi yawa ba, gwamnatoci sun shaƙe shi tun yana jariri. Amma ɗan abin da aka samu yana da nauyi.

A 1981 Ibrahim Shaddad, wanda ya koyi aikin fim a Jamus ta Gabas, ya yi wani gajeren fim mai suna Jamal, wato raƙumi. Kusan duk fim ɗin a cikin wani ɗan ɗaki mai duhu yake, inda raƙumi ke zagaye yana juya turmin matsar man riɗi. Ba jawabi, ba wa'azi. Ƙarar turmi ce da zagaye, sai zagaye.

Ga mutumin Shuwak, wannan hoto ba baƙo ba ne. Yankin ƙasar raƙuma ce, Lahawiyyin da Rashayida da Shukriyya na kiwon su, likitocin dabbobi ma sun daɗe suna binciken cututtukan raƙuma a nan. Dabbar da aka halitta don dogon zango, ga ta an ɗaure tana tafiyar da ba ta kai ta ko'ina, saboda riɗi. Ka ajiye fim ɗin kusa da littafin Sakin, ka rasa wane ne ke ba da labarin wani.

A 2022 Ali Cherri, ɗan Lebanon, ya kai fim ɗinsa As-Sadd bikin fina-finai na Kan a Faransa. An ɗauke shi kusa da dam ɗin Marawi a arewacin Sudan, jarumin kuma mai yin tubali ne na gaske, wanda ke wuni cikin lakar Nilu yayin da rediyo ke kawo labarin juyin juya halin Khartum daga nesa. Laka ce ke magana a fim ɗin fiye da mutane.

Su kuwa Hamran da Baker ya sani da farautar giwa, 'yan Sudan sun fi tuna su da labarin soyayyar Tajuj da Muhallak, wanda Usman Muhammad Hashim ya mai da littafi a 1948, Jadallah Jubara kuma ya mai da shi fim a ƙarshen shekarun 1970. Ko irin wannan fim na soyayya yana da amfani ga mai tarken muhalli, domin kyamara ba ta zaɓe: tana ɗaukar masoya, tana ɗaukar itatuwan da ke bayansu.

Masu ja da wannan karatu

Ba kowa ya yarda ba. Akwai malaman adabi, a Sudan da Nijeriya, da ke ganin tarken muhalli wani sabon kaya ne daga Turai da aka sauke mana, kamar yadda aka sauke ra'o'in da suka gabace shi. Ɗalibi ya haddace sunayen Turawa biyar, ya ɗauko waƙar kakansa ya tura ta cikin ƙwaryar da ba tata ba, ya karɓi digiri. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, duk wanda ya duba kundayen digiri ya ga irinsa. Sai dai laifin na mai ɗinkin ne. Hardallo bai jira Rueckert ba.

Akwai kuma injiniya da babban manomi, waɗanda za su ce waƙa ba ta kunna fitila. Gadarif gari ne da ya sha ƙishirwa shekaru aru-aru, ana sayen ruwa a kan jaki. Sudan na bukatar lantarki, tana bukatar dawa, kuma riɗi na cikin 'yan abubuwan da ke kawo mata kuɗin waje. Wa zai ciyar da Khartum da barewa? Ba a amsa wannan da baiti. Abin da adabi ke iya yi shi ne ya shigar da abin da aka manta cikin lissafin: fadamar da ta nutse, burtalin da aka toshe, leburan da ya tsufa ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa.

Suka ta uku ta fi ciwo. Tun 15 ga Afrilun 2023 Sudan ke cikin yaƙi. Da birnin Wad Madani ya faɗi a watan Disambar 2023, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo Gadarif, makarantu suka zama masaukai. A irin wannan hali, wa ke da bakin zancen goruba?

'Yan fim ɗin Sudan sun riga sun yi wa kansu wannan tambaya. Fim ɗin Suhaib Gasmelbari na 2019, wanda ya ci kyauta a Balin, ya bi Shaddad da abokansa uku tsofaffi suna fafutukar sake buɗe gidan sinima a Omdurman. Sunan fim ɗin, zance a kan itatuwa, an aro shi ne daga wata waƙar Bertolt Brecht da ke kukan zamanin da irin wannan zance ke zama kamar kau da kai daga ta'asa. Amma a Sudan zancen itace da zancen yaƙi ba su taɓa rabuwa ba. Rikicin Darfur na da saiwa a fari da burtali da rijiya. Na Fashaga kuwa, wanda ya sake tashi a ƙarshen 2020, a kan gonar riɗi ake yin sa.

Ina muryar Bahaushe?

Hausawa sun daɗe a wannan ƙasa. Wasu hanyar hajji ta kawo su tun kafin Turawa, wasu suka biyo ayarin hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta haifar da garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Daga baya suka bazu Gadarif da Kasala da gaɓar Atbara, Sitit da Rahad. Abin da suka iya daga gida shi suka kawo: su, da noman fadama. Inda kogi ya janye ya bar danshi, nan Bahaushe ke dasa albasa da kuɓewa da kabewa. 'Yan Sudan na kiran irin wannan gona jarf.

Wato in akwai wanda ya san halin Atbara ciki da bai, ranar da yake cika da ranar da yake sauka, ramin da kifi ke taruwa, da ƙudan da ke kawo zazzaɓin kala'azar daga dajin dushe da aduwa, to masuncin nan ne da manomin jarf. In kuma akwai wanda tafkin dam ke fara cinye wa gona, shi ne dai.

Turawa da sauran masana sun yi rubutu a kansu. Mark Duffield ya yi littafi kan Mai Wurno a 1981, Bawa Yamba ya yi nasa a 1995 kan alhazan da hanya ta zame wa gida. Amma waɗannan idon baƙo ne. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022, wanda ya ci ɗaruruwan rayuka, ya kuma sa Hausawa zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Khartum, a kan tambayar wa ke da ƙasa aka yi shi. Al'ummar da ake ce wa baƙuwa bayan shekara ɗari da ɗoriya tana da bukatar ta rubuta sunayen fadamunta da kanta.

Kafin mu ga laifinsu, mu dubi gida. Muna da Bakolori, inda a 1980 aka buɗe wa manoman da suka yi bore kan gonakinsu wuta. Muna da dam ɗin Tiga na 1974 da abin da ya jawo wa fadamun Haɗeja da Nguru. Muna da yunwar da kakanni suka raɗa wa suna don kada a manta, Kakalaba ta wajajen 1914, da wadda mutanen Maraɗi ke kira El-Buhari ta 1984. Kowanne a cikinsu ya isa littafi, ya isa fim.

Kannywood kuwa, tun fim ɗin Turmin Danya na 1990, ta fi son lambu mai shuke-shuken ado da bakin ruwa don rawa da waƙa. Ba kasafai kyamara ke juyawa ta dubi wanda aka tasa daga wurin kafin ruwan ya taru ba. Alhali kayan aikin na nan jibge: waƙoƙin noma da na gayya, kirarin maharba da na masunta, tatsuniyoyin da kowace dabba ke da hali da matsayi, har da Ruwan Bagaja, wanda in aka cire barkwancin Alhaji Imam, labarin neman ruwa ne mai warkarwa. Shaihu Umar ma, littafin da kuma fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976, rabinsa sahara ce ke juya shi.

A can ƙasar Shuwak kuwa, ƙauyukan da aka gina wa mutanen da tafkin Rumaila da Burdana ya tasa, lamba aka ba su maimakon suna. A watan Nuwamban 2020, da yaƙi ya ɓarke a Tigray, dubban Habashawa suka tsallako iyaka da ƙafa, wasu ta Hamdayit a bakin Sitit, wasu ta Fashaga. Ɗaya daga cikin wuraren da aka fara sauke su shi ne gidajen nan na waɗanda ruwa ya kora. A takardun Majalisar Ɗinkin Duniya da rahotannin gidajen rediyo, sunan wurin Ƙauye na 8.